Tarar giɓin asusu: wacce ce haƙƙin banki, wacce ce ya kamata ya amayar?

A 2014 hukumar kare masu hulɗa da bankuna ta Amurka, CFPB, ta fitar da wani lissafi da har yau ban ga wanda ya fi shi tona asirin wannan harka ba. Ta duba sayayyar da mutane ke yi da katin banki alhali kuɗin da ke asusunsu bai kai ba, sai ta tarar yawancin sayayyar ba ta wuce dala 24, kuma akasarin masu asusun sukan cike giɓin cikin kwana 3. Tarar da banki ke cirewa kuwa dala 34 ce a tsaka-tsaki. Idan aka ɗauki abin a matsayin rance, wato ka ari dala 24 na kwana 3 ka biya dala 34 a kai, kuɗin ruwan ya kama kashi 17,000 cikin ɗari a shekara. Babu bankin da zai yarda ya rubuta wannan adadi a allon talla. Shi ya sa ba a kiransa kuɗin ruwa, sai a ce tara ce, ko ladan hidima.

Giɓin asusu, wanda 'yan banki ke kira obadiraf, iri biyu ne. Akwai na yarjejeniya: kun zauna da banki, ya amince ka riƙa cire kuɗi fiye da abin da kake da shi har zuwa wani iyaka, a ce fam 500, kana biyan ruwa a kai. Akwai kuma wanda ba a shirya ba: kuɗin haya ko na wuta ya zo fita, ko ka goga kati a kanti, asusu bai kai ba. A nan banki ne ke da zaɓi. In ya ga dama ya biya ya ci ka tara don ya biya. In ya ga dama ya ƙi biya, ya ci ka tara don ya ƙi. A Birtaniya kafin 2009 kowanne daga cikin biyun yana iya kaiwa fam 30 zuwa 39, kuma wasu bankunan sukan ɗora tarar wata-wata a kai, ga ruwa mai tsada.

Ra'ayina shi ne ba kowace tara ce zalunci ba, kuma mai cewa a mayar wa kowa da duk abin da aka taɓa cire masa bai taimaki kowa ba, domin kotu ta riga ta rufe wannan ƙofa a Birtaniya. Amma akwai tarar da banki da kansa ya haƙa ramin da ta fito, irin wannan kuwa dole ne a mayar, kuma ana mayarwa har yanzu idan mutum ya san yadda zai nema.

Yadda aka yi a Birtaniya

Abin ya faro ne daga katin bashi. A Afrilun 2006 hukumar sa ido kan adalcin ciniki ta Birtaniya, OFT, ta ce duk tarar jinkirin biya a katin bashi da ta haura fam 12 za ta ɗauke ta a matsayin rashin adalci. Nan da nan bankuna suka sauko da tarar zuwa fam 12. Jama'a kuwa suka ce to, in haka ne, tarar giɓin asusu fa? A shekarar ce wani shirin BBC ya haɗa masana harkar banki suka ƙiyasta abin da banki ke kashewa idan ya mayar da ceki ko ya ƙi biyan wani kuɗi, suka ga ko an yi masa rangwame bai kai fam 5 ba. Aikin ai na'ura ce ke yin sa, sai wasiƙa guda da ake bugawa a tura.

Ɗan jarida Martin Lewis ya wallafa samfurin wasiƙun neman a mayar da kuɗi, miliyoyin mutane suka sauke. Hujjar da ke cikin wasiƙun biyu ce. Ta farko tsohuwar ƙa'idar shari'ar Ingila ce, wadda aka fi dangantawa da shari'ar kamfanin taya na Dunlop ta 1915: idan ka saɓa yarjejeniya, abin da za a caje ka ya zama ƙiyasin asarar da ka jawo da gaske, ba horo ba. Ta biyu dokar 1999 ce kan sharuɗɗan rashin adalci a yarjejeniyar da kamfani ke ƙullawa da mai saye. Bankunan sun yi ta biya, ɗaruruwan miliyoyin fam, amma kullum da sunan kyautatawa, ba tare da amsa laifi ba. Sau da yawa sai ranar shiga kotu ta matso su tura ceki. Dalili a fili yake: da an shiga gaban alƙali, da an ce su kawo lissafin abin da suke kashewa.

A Yulin 2007 aka amince a kai ƙara guda ta gwaji. OFT a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma Abbey National, Barclays, Clydesdale, HBOS, HSBC, Lloyds TSB, Royal Bank of Scotland da Nationwide. Aka dakatar da duk buƙatun da ke jira, in ban da na waɗanda ke cikin matsin rayuwa. Babbar kotu a Afrilun 2008, ƙarƙashin Mai shari'a Andrew Smith, ta ce OFT na da hurumin auna adalcin tarar. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a Fabrairun 2009. Ranar 25 ga Nuwamban 2009 Kotun Ƙoli, wadda ba ta cika wata biyu da kafuwa ba, ta rushe hukuncin gaba ɗaya, baki ɗayan alƙalan biyar. Kafin shekarar ta ƙare OFT ta janye, buƙatun mutane kimanin miliyan ɗaya suka bi ruwa.

A nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Kotun ba ta ce tarar adalci ce ba. Abin da ta ce shi ne dokar 1999, a sashe na 6(2), ta hana a auna adalcin sharaɗi ta fuskar ko farashi ya dace da hidimar da aka yi, muddin an rubuta farashin ƙarara. Sai ta yanke cewa tarar giɓi wani ɓangare ne na farashin da mai asusu ke biya don dukan hidimomin asusun: katin, na'urar cire kuɗi, tura kuɗi, reshen banki. Tunda farashi ne, OFT ba ta da ikon cewa ya yi tsada. Hujjar Dunlop kuwa tun a babbar kotu ta faɗi, domin an rubuta sharuɗɗan ta yadda shiga giɓi ba saɓa yarjejeniya ba ne, a'a, wai buƙata ce ka miƙa wa banki ya duba ko zai ranta maka, kuɗin kuma na dubawar ne. Mutumin da ya goga kati a gidan mai bai san ya miƙa wata buƙata ba, amma a takarda haka yake.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a shari'ar shi ne hanyar da bankunan suka bi suka yi nasara. Ba su ce tarar ta yi daidai da abin da suke kashewa ba. Sun ce da ita ake riƙe tsarin asusu kyauta ga duk wanda bai shiga giɓi ba. Alƙaluman OFT sun goyi bayan haka: a 2006 bankuna sun samu fam biliyan 8.3 daga asusun yau da kullum na ɗaiɗaikun mutane, biliyan 2.6 daga ciki tarar rashin isassun kuɗi ce. Wato mai albashi mai tsoka da asusunsa ba ya bushewa yana morar banki kyauta, wanda kuɗinsa ke ƙarewa kwana uku kafin ƙarshen wata shi ke biya masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shekaru bayan haka FCA, hukumar kula da harkokin kuɗi ta Birtaniya, wadda ta gaji aikin sa ido, ta gano cewa a 2016 fiye da rabin tarar giɓin da ba a shirya ba ya fito ne daga kashi 1.5 cikin ɗari na masu asusu. A Amurka ma CFPB ta samu kusan haka: kashi 9 cikin ɗari na asusun ne ke biyan kashi 79 na tarar.

Abin da bankuna ke faɗa, da inda suke da gaskiya

Suna da gaskiya a abu biyu. Wanda ya kashe kuɗin da ba nasa ba ya ci bashi, bashi kuwa yana da tsada: wasu ba za su biya ba, banki ya ɗauki asarar. Sannan akwai lokacin da biyan ya fi wa mai asusu alheri. Idan kuɗin haya ko na inshorar mota ne aka mayar, abin da zai biyo baya ya fi dala 35 ciwo. Ban ga laifin banki ya karɓi ruwa gwargwadon abin da ya ranta da tsawon kwanakin da rancen ya yi ba, in dai an faɗa wa mutum tun farko kuma ya yarda.

Inda hujjarsu ke rauni shi ne batun tsawatarwa, wai tarar tana hana mutane sakaci. Da don tsawatarwa ce, da ba a saka ta cikin hasashen ribar shekara ba. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa sun fuskanci wannan tambaya tun tuni, kuma ƙa'idar AAOIFI, hukumar da ke tsara wa irin waɗannan bankuna ƙa'idoji daga Bahrain, ita ce idan aka ci mai jinkirin biya tara, kuɗin sadaka za a yi da su, ba sa shiga aljihun banki. Ko mutum bai damu da ɓangaren addini ba, wannan ma'auni ne mai kyau: tarar da ake son ta hana laifi, wanda ya ci ta bai kamata ya yi fatan a ƙara aikata laifin ba. Bankin da kashi 30 cikin ɗari na kuɗin shigarsa a asusun yau da kullum ke fitowa daga tara, ai fatan da yake yi ke nan.

Tarar da banki ya ƙirƙira da hannunsa

Amurka ce ta fi nuna wannan ɓangare, domin a can an kai takardun cikin gida na bankuna gaban kotu.

Dabara ta farko ita ce sauya jerin fitar kuɗi. A ce kana da dala 100. Da safe ka sayi abin dala 5, sai na 10, sai na 15, sai na 20. Saura 50. Da yamma ka biya dala 90. In an bi yadda abin ya faru, sau ɗaya ka shiga giɓi, tara ɗaya, dala 35. To amma banki ba ya rufe lissafi sai dare, kuma shi ke zaɓar wanda zai fara cirewa. Idan ya fara da mafi girma, 90 ta fita, saura 10. Sai 20 ta shiga giɓi, 15 ma haka, 10 ma haka, 5 ma haka. Tara huɗu, dala 140, a kan giɓin dala 40. Bankunan sun ce suna yin haka ne don manyan biya, irin su haya, su fara wucewa. Amma sayayyar kati an riga an amince da ita tun a kanti, duk za a biya ta ko ta wane jeri aka bi, don haka jerin ba ya kare komai sai yawan tara. A 2010 Mai shari'a William Alsup na kotun tarayya a Kalifoniya ya umarci Wells Fargo ya mayar da dala miliyan 203 saboda wannan. A 2011 Bank of America ya sasanta irin wannan ƙara a kan dala miliyan 410.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Ka duba waya ka ga dala 60, ka sayi abin dala 40, kati ya wuce lafiya. Amma kantin ba ya karɓar kuɗinsa nan take, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. A tsakanin nan wani kuɗi ya fita, asusu ya bushe. Ranar da dala 40 ɗin ta zo fita da gaske, sai a ci ka tara a kanta, alhali lokacin da ka saya kana da kuɗin. Babu yadda mai asusu zai kauce wa wannan, domin bai san ranar da kanti zai tura lissafinsa ba. A Satumban 2022 CFPB ta sa bankin Regions ya mayar da dala miliyan 141, ya kuma biya tarar miliyan 50.

Ta uku cin tara sau biyu ko uku a kan abu guda. Kamfanin waya ya nemi kuɗinsa, banki ya ƙi, tara. Bayan kwana biyu na'urar kamfanin ta sake nema, banki ya sake ƙi, wata tarar. Kai sau ɗaya ka ba da umarni. Wannan na cikin laifukan da aka kama Bank of America da su a Yulin 2023, inda aka umarce shi ya mayar wa mutane fiye da dala miliyan 100, ban da tarar miliyan 150 ga hukumomi.

Sai batun amincewa. Tun 2010 doka a Amurka ta hana banki cin tarar giɓi a kan cire kuɗi a ATM ko sayayyar kati ta sau ɗaya sai in mai asusu ya ce ya yarda. In bai yarda ba, kati ya ƙi wucewa kawai, ba tara. Ceki da kuɗin da ke fita kai tsaye duk wata ba sa cikin wannan kariya, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Wasu bankunan kuma sun riƙa shigar da mutane tsarin da dabara a ranar buɗe asusu, ana nuna musu kamar kyauta ce da ke tare da asusun. TD Bank ya biya dala miliyan 122 a 2020 saboda haka.

Na ƙarshe, wanda ya fi kowanne cutar da talaka, shi ne tara ta haifi tara. An ci mutum fam 70 a wannan wata. Albashi ya shigo, aka fara zare fam 70, abin da ya rage bai isa kuɗin wuta da na haya ba, ya sake shiga giɓi, aka sake cin sa. Bayan wata shida sai ka duba ka ga giɓin nasa kusan duka tara ce, ba abin da ya saya ba. A duk waɗannan, ba ka buƙatar ka yi gardamar ko farashi ya yi tsada. Tambayar ita ce wa ya jawo giɓin.

Gyaran da aka yi, da wanda aka fasa

Abin da kotu ta ƙi yi a 2009, hukuma ta yi bayan shekara goma. A Yunin 2019 FCA ta sanar da sababbin ƙa'idoji, akasarinsu suka fara aiki a Afrilun 2020: ba sauran tarar rana-rana ko wata-wata, ba a cajin giɓin da ba a shirya ba fiye da na yarjejeniya, farashi ya zama ruwa guda na shekara da kowa zai iya kwatantawa, tarar ƙin biya kuma ta yi daidai da abin da banki ya kashe. Hukumar ta yi hasashen giɓin fam 100 da ba a shirya ba zai sauko daga kimanin fam 5 a rana zuwa ƙasa da kwabo 20. Haka kuwa aka yi. Sai dai manyan bankunan kusan duka suka tsayar da ruwansu a wajen kashi 40 cikin ɗari, da yawa a kan 39.9 daidai. Wanda ya shiga giɓin fam 100 na mako guda yanzu bai kai ya biya fam 1 ba. Amma wanda ke zaune cikin giɓin yarjejeniya na fam 1,000 shekara da shekara, wanda a da yake biyan abin da bai kai kashi 20 ba a bankuna da dama, nauyinsa ya ninka, ya koma kusan fam 400 a shekara. Duk da haka ina ganin gyaran ya yi, domin aƙalla yanzu ana kiran bashi da sunansa, kuma mutum yana iya ganin cewa rance na yau da kullum ya fi masa sauƙi.

A Amurka gasa da matsin lamba sun sa Ally da Capital One da Citibank sun soke tarar, Bank of America ya rage ta daga dala 35 zuwa 10 a 2022. A Disamban 2024 CFPB ta fitar da ƙa'idar da za ta ba manyan bankuna zaɓi: su tsaya a dala 5, ko su caji daidai abin da suke kashewa, ko su bayyana abin a matsayin rance da ruwansa. Majalisar dokoki ta soke ta, Shugaba Trump ya sa hannu a Mayun 2025, ba ta kai ga fara aiki ba.

Yadda ake nema a mayar

Ga wanda ke zaune a Birtaniya, kada ya ɓata lokaci da tsofaffin wasiƙun 2007 da har yanzu ke yawo a intanet. Hujjar cewa tarar ta fi abin da banki ya kashe ta mutu, kuma wasiƙar da ta dogara da ita amsa guda ake ba ta. Fara da tattara bayanan asusu na shekara 6. Yawancinsu suna cikin manhajar banki. In an rufe asusun, doka ta ba ka damar neman bayananka kyauta, kuma wata guda banki ke da shi ya kawo. Zana jadawali: rana, sunan tarar kamar yadda aka rubuta, adadi, abin da ya jawo ta, da abin da ke asusu kafin da bayan. Aiki ne mai gajiyarwa, amma a nan ake gane watannin da tarar baya ce ta haddasa giɓin gaba, kuma jadawalin shi ne rabin ƙorafinka.

Hujjojin da ke ci yanzu su ne kuskuren banki, matsin rayuwa, da rance ga wanda aka san ba zai iya biya ba. Matsi sai an nuna shi: takardar sallama daga aiki, shaidar rashin lafiya, bashin haya ko na wuta da ya taru, ko cewa kuɗin tallafin gwamnati ne ake zaftarewa. Idan ka taɓa gaya wa banki kana cikin wahala ya ci gaba da cin tara, rubuta ranar da ka faɗa. Duba saƙonnin waya ma. Tun 2018 aka wajabta wa manyan bankuna su tura saƙon gargaɗi kafin su caji giɓin da ba a shirya ba, kuma a 2019 Nationwide ya mayar da fam miliyan 6, HSBC miliyan 8, saboda saƙonnin ba su je yadda doka ta ce ba.

Rubuta a sarari cewa ƙorafi ne a hukumance, ba tambaya ba, domin daga ranar ce agogo ke fara bugawa. Banki yana da mako 8 ya ba da amsar ƙarshe. In bai amsa ba, ko amsar ba ta gamsar ba, ka kai wa ofishin Ombudsman, mai sasanta ƙorafi tsakanin jama'a da kamfanonin kuɗi, kuma kyauta ne; in an amsa, wata 6 kake da shi daga ranar amsar. Nan mutane suka fi faɗuwa: su ajiye wasiƙar su manta, wata 6 su wuce. Kamfanonin da ke cewa za su nema maka su ɗauki kaso ba su da wata hanya da kai ba ka da ita.

Abu uku ke ɓata wa mutane lissafi. Banki yakan miƙo wani ɗan abu da sunan kyautatawa tare da takardar da ke cewa an rufe magana, don haka karanta kafin ka sa hannu. Idan kana da bashi a bankin, abin da aka mayar yakan tafi cike bashin, ba hannunka ba. Sannan giɓin yarjejeniya bashi ne da banki ke da ikon ya ce a biya shi a kowane lokaci. Kafin ka buɗe wuta, ka buɗe asusun talaka a wani bankin, irin wanda ba shi da giɓi ba shi da caji, wanda aka wajabta wa manyan bankunan Birtaniya su samar, ka karkatar da albashinka can.

A Amurka hanya ta fi gajarta. Kira banki a ranar da ka ga tarar, bayan ka cike giɓin, ka nemi a ɗage ta. Ga wanda bai saba ba, sau da yawa ma'aikacin da ke kan waya yana da ikon yi nan take. Tambaye su ranar da ka amince da tsarin giɓin kati da kuma shaidar amincewar. In babu, tarar da aka ci a kan ATM da sayayyar kati ba ta da tushe. In akwai, janye amincewar a cikin kiran. Ɗauki hoton abin da waya ta nuna na asusu a lokacin sayayya idan kuɗinka sun yi ƙasa, shi ne shaidarka kan dabara ta biyu, ta cin tara a kan abin da ka saya kana da kuɗinsa.

A Najeriya asusun mutum ɗaya bai cika shiga irin wannan ba, kati kawai yake ƙin wucewa. Masu fama su ne 'yan kasuwa da ke da giɓin yarjejeniya, inda ake samun ruwan da ya saɓa wa takardar tayin da aka sa wa hannu, ko caji da ba ya cikin jadawalin cajin bankuna na CBN. Takardar tayin da jadawalin su ne ma'auninka, layi bayan layi. Ana fara kai ƙorafi ga bankin a rubuce a karɓi lambar shaida, in bai warware ba a wuce sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, kuma kada a bari shekara 6 ta wuce daga ranar da aka cire kuɗin. Ceki kuwa maganarsa daban ce: bayar da cekin da ka san asusunka ba zai iya biya ba laifi ne a ƙarƙashin dokar 1977, hukuncinsa ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara, don haka wanda cekinsa ya dawo ya fara sasantawa da wanda ya ba wa kafin ya tsaya jayayya da banki kan cajin.